Fumfunar Riƙo

Ni ba a saba ganina shiru ba. A unguwarmu a Kano, in ana biki ko suna aka ga mata sun taru wuri ɗaya sun manta da tukunya a kan wuta, to ni ce a tsakiyarsu. Ban taɓa shiga aji ba, wannan ma da kuke karantawa faɗa nake ana rubutawa, amma ba a taɓa kayar da ni a zance ba. Na faɗi haka ne don ku gane nufina in na ce a Guangzhou bakina har tsami ya yi don rashin abokin magana.

'Yata ta fari ce sanadin zuwana. Ba zan kama sunanta ba, ban taɓa kamawa ba. Mu yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. Kunya ce, kuma ni har gobe ban ga aibunta ba. Da aka yaye ta sai aka ba yayata riƙonta, wadda muke ciki ɗaya, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. A hannun Yaya ta tashi a Zariya, a can aka sa ta boko, ta yi ta karatu har na ƙasarmu ya ƙare mata ta tsallaka ƙasar Sin. Yaya take kira Inna. Ni kuwa ba ta kirana komai, sai dai ta durƙusa ta gaishe ni ta tashi. Da na sauke farali aka fara ce mini Hajiya, daga ni har ita muka samu sauƙi, don an samu abin kira.

Ta daɗe da aure ba ta haihu ba. Cikin bai zo ba sai bayan Yaya ta rasu, wato wadda ya kamata ta je wankan jego tana ƙarƙashin ƙasa. Mijinta ne ya bugo mini waya, ba ita ba. Ɗan Kano ne, takalma yake saye a kasuwar Zhanxi Lu yana cika kwantena yana turowa gida. Ya ce an nema mini biza ta 'yan watanni, amma in ana so ana iya ƙarawa. Na ɗaure daddawata da kuka da kanwa na hau jirgi, da tambaya ɗaya a cikina: shin ina da wuri a wajen yarinyar nan, ko kuwa aro na aka yi don babu Yaya? Na kuma ƙudurta ba zan roƙi zama ba. In ta ce in zauna, da bakinta, zan zauna. In ba ta ce ba, ranar da bizar ta ƙare zan ɗauki jakata.

Ina isa na tarar aikin da na zo yi babu shi. Aiki aka yi mata aka ciro jaririyar, likita ya hana ruwan zafi, ganyen darbejiya ma ko na magani babu a garin. Kunun kanwa na dama mata, ta kurɓa sau biyu don kada in ji haushi, ta ajiye. Gidan kuma can sama yake a wani dogon bene bayan titin Huanshi Lu, ba tsakar gida, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga. Ta taga sai titi a kan titi, motoci suna bi ta sama suna bi ta ƙasa. Mijin yaro ne mai ladabi, da safe ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni ya fice, da yamma ma haka. To suruki ne, ba a hira da suruki. Mutum uku manya a gida ɗaya, kowa yana jin kunyar kowa.

Jaririyar mace ce, aka sa mata sunan Yaya. Kun san wanda aka yi wa takwara da uwarsa ba ya kama sunan. Ni kuma a gida sauran 'ya'yana duka Inna suke ce mini. Wata safiya ina kicin ina dama koko sai na ji daga cikin ɗaki an ce, "Inna." A hankali, da wata murya mai laushi da ban taɓa jin yarinyar nan ta yi ba. Aka sake cewa, "Innata." Wallahi ban san lokacin da na amsa ba. Na ce, "Na'am!" da ƙarfi, na taho da ludayi a hannu har bakin ƙofa. Na same ta ta sunkuya a kan jaririyar tana shafa mata kumatu. Ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Hajiya, da jaririyar nake."

Na ce, "Na sani. Tari ne ya sarƙe ni."

Na koma kicin, kokon ya yi gudaji, na zubar na sake wani. Daga ranar, sunan nan yana yawo a gidan safe da yamma, Inna ta tashi, Inna ta ƙoshi, Inna ta ɓata zane, ni kuwa na koyi riƙe bakina. Abin da ya fi ba ni mamaki, jaririyar ma fa 'yar fari ce a wurinta, amma ko a jikinta. Ta sumbace ta a gaban mijinta, ta yi mata waƙa, ta ɗauke ta hoto. Na so in yi faɗa. Na rasa ta inda zan fara, sai na riƙa kallo.

Tunda sunan yayata ne a kanta, ni ma Yaya na riƙa kiran jaririyar. A nan na samu ƙofa. In ina son uwar ta ci abinci sai in ɗaga jaririyar in ce, "Yaya, ki gaya wa 'yarki mai shayarwa ba ta zama da yunwa." Ita kuma daga inda take ta ce, "Inna, ki ce wa ƙanwarki na ci na ƙoshi." Haka muka riƙa aika saƙo ta bakin wadda ko wuyanta bai tsaya ba. Mijin in ya ji sai ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Ba ta yi arba'in ba ta koma aiki. Ta ce abin da take kula da shi ba ya jira. Ban yi musu ba, don ni a sanina likita ce. Dakta ake ce mata, kuma duk unguwarmu babu wanda ban gaya wa ba cewa 'yar Yaya tana duba marasa lafiya a ƙasar Sin. Marar lafiya kuwa ai ba ya jira. Sai ta tatsa nono ta sa a firji ta fice, a bar ni da Yaya.

Wunin garin nan yana da tsawo. Nakan goya ta in sauka ƙasa in zaga. Akwai wani kanti a gindin benen, na taɓa kwatanta wa mai shi gero da hannu da baki, ya dube ni ya ce, "Meyo." Na kwatanta tsamiya, meyo. Kalmar da na fara koya ke nan, wato babu, kuma ita na fi ji. A lifta nakan haɗu da wata tsohuwa 'yar Sin, ita ma da jikanta. Ta yi mini yarenta, in yi mata Hausa, kowa ta gyaɗa kai. Da ganin bakinta ita ma mai zance ce, an dai yi asarar mu ne. Sai wata 'yar Ghana, 'yar zango, da take sayen tufafi a kasuwar Shahe tana aikawa gida. Hausarta wata iri, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta, amma na ji daɗinta kamar ruwan randa. Ta ce mini, "Mma, ka zo gidana ka zauna." Na je. Na ɗauko mata labarin wani mai awo da aljana ta aura, labarin da a gida sai an roƙe ni nake bayarwa. Ban kai inda aljanar ta shigo ba wayarta ta yi ƙara, kaya sun maƙale a tashar jirgin ruwa. Ta gama, na ci gaba, ta sake ƙara. Karo na uku ta miƙe tana neman takalminta tana ce mini, "Ci gaba, ina ji." Ban ci gaba ba. Ba a taɓa ce mini ci gaba ana neman takalmi ba. Ban sake komawa ba, ita ma ba ta tambayi ƙarshen labarin ba.

Sai wani yanayi ya shigo da ban taɓa ganin irinsa ba. Ba ruwan sama ba ne, iskar ce kanta take jiƙe. Bango yana gumi, madubi yana gumi, daɓen ɗaki kamar an yi wanki. In ka shanya zane ya kwana ya wuni bai bushe ba, sai wari. Daga nan fumfuna ta sauka. Ta kama dardumata, ta kama bayan kujera, ta shiga ƙullin kukata ta mayar da ita toka-toka. Takalman fata da mijin ya ajiye na gwaji a kwali, ya buɗe ya tarar sun yi gashi kore. Na ɗaura ɗamara. Kullum ina goge-goge da ruwan zafi da tsumma, in goge nan ta ɓullo can. Aƙalla dai na samu abokiyar faɗa.

Wata ranar Juma'a mijin ya dawo daga masallaci ya same ni a falo ina kankare ƙafar tebur ina zagin fumfunar. Na ce tsinanniya, marar asali, mai shiga gidan mutane ba sallama. Ya tsaya daga nesa yana danne dariya.

Ya ce, "Hajiya, a yi mata a hankali. Da ita ake biyan rabin hayar gidan nan."

Na ce, "Da wa?"

Ya ce, "Da fumfuna mana. Ai ita Dakta take kiwo."

Na zaci wasa yake, sai na tuna suruki ba ya wasa da ni. Ya yi mini bayani kansa a ƙasa, wai ba likitar asibiti ba ce, likitar karatu ce, a wata jami'a take, aikinta binciken fumfuna. Na zauna a kan kujera da tsumma a hannu. Shekarun nan duka, kuɗin makarantar da mijin Yaya ya yi ta biya, jirgin sama, barin ƙasa, ashe don a yi kiwon abin da ke fitowa a kan ɗumamen da aka manta? Abin da aka bar jaririya ba a yi arba'in ba saboda shi ke nan? Na tuna matan unguwarmu da suke aiko mini da tambayar ciwon ƙafa in kai mata. Da ta dawo ban tunkare ta ba. Na dai ce wa jaririyar, "Yaya, ashe makiyayiya kika tasa ba ki gaya mini ba." Ta ji. Ba ta aiko da amsa ba.

Amsar sai ranar Asabar ta zo. Jaririyar ta fara ƙin shan nono a kwalbar fida, ita kuma dole ta leƙa wurin aiki, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Inna, ki taho da ƙanwarki ta riƙe ki, ta ga garken." Muka shiga tasi.

Ba a bar ni na shiga ɗakin ba. Akwai wani dogon gilashi a baranda, ta nan na tsaya da goyo ina kallo. Wuri fes, ko asibiti bai kai shi tsabta ba. Ta sa farar riga da safar hannu, sai ta koma mini wata mace daban, mai sauri, wadda ta san inda komai yake. Wani saurayi ɗan Sin ya miƙo mata abu da hannu biyu yana rusunawa. Akwai kwalabe jere a kan wani faranti da yake jijjiga su ba tsayawa, kamar ana rarrashi. Akwai wani akwati kamar firji amma ɗumi ne a cikinsa. Daga ciki ta ɗauko wasu 'yan faifai biyu na roba masu murfi, an naɗe bakinsu, ta kawo jikin gilashin ta nuna mini. Ɗaya baƙi-baƙi ne mai zobe-zobe, ɗaya kuma kore mai ruwan ɗorawa, lallausa kamar karan-miski. Ban so in faɗa ba, amma suna da kyau.

Da ta gama ta fito ta karɓi jaririyar, muka zauna a wani benci tana shayarwa. A nan ta yi mini magana mafi tsawo da ta taɓa yi tun da na haife ta, duk da cewa jaririyar take kallo. Ta ce fumfuna dangi-dangi ce kamar mutane, kuma akwai magunguna manya da daga jikinta aka samo su, har irin allurar da ake yi wa mai gyambo. Na ce to ai kamar daddawa ke nan, a rufe abu ya ruɓe ya zama alheri. Ta ce a'a, daddawa ba fumfuna ke yin ta ba, wasu halittu ne daban da suka fi ta ƙanƙanta. Shekara nawa ina daddawa, ashe ban san ma'aikatana ba.

Ta ce baƙar nan daga taɓon bakin teku aka ɗebo ta, cikin saiwar wasu itatuwa. Kowace halitta akwai wani rubutu da Allah ya yi a cikin jikinta, wanda ido ba ya gani, shi ne gadonta, shi yake gaya mata abin da za ta yi. Sun karanta na baƙar, sun ga tana ɗauke da umarnin haɗa wani sinadari da ba a taɓa gani ba, wataƙila ya yi magani, wataƙila kuma ba komai. Amma ta ƙi haɗawa. Sun ba ta shinkafa, sun ba ta sukari, sun sa mata gishiri kamar na teku, sun canza mata ɗumi. Tana ci tana girma, amma wannan wurin na jikinta shiru.

Na ce, "Me ya hana ta?"

Ta ce, "Ba mu sani ba. Abin yana nan a cikinta, ba ta dai fitarwa. Wataƙila a inda ta fito tana yi. A gabanmu ba ta yi."

Don haka, in ji ta, sai a yanko wannan yanki na gadon a dasa shi a jikin wata fumfunar, koren nan. Ita koren ta gida ce, 'yan Sin sun daɗe da ita, da ita suke yin baƙin ruwan nan na waken suya da suke zuba wa abinci. Ba ta da gardama, an san cinta, an san halinta, abin da aka ba ta takan karɓa ta yi aiki da shi. Ta tsaya tana neman kalma. Ta ce da Turanci akwai sunan da ake kiran irin wannan, mijinta ya ce a Hausa mai masauki ne, amma ita ba ta ga ya dace ba, don baƙo yana tafiya, wannan kuwa ya zauna ke nan.

Ni da bakina na ba ta kalmar. Na ce, "Riƙo ke nan."

Ta ce, "E. Riƙo ne."

Da na bar shi a nan da ya fi. Amma ni ba a saba barin zance a rabi ba. Na kama ƙafar jaririyar ina wasa da 'yan yatsun, na ce, "Yaya, tambayar mini 'yarki. In abin ya fito, na wa ne? Na wadda aka yanko daga jikinta, ko na wadda ta riƙa?"

Ta gyara wa jaririyar kai. Ta ce, "A takarda duka biyun ake rubutawa. Amma in ba don ta riƙon ba, ba wanda zai taɓa ganinsa. A taɓo zai ƙare."

Ta faɗa ne kamar yadda ake faɗin farashin gishiri. Har yau ban sani ba ko da ni take, ko kuwa aikinta kawai take bayani. Mutumin da ba a yi masa magana, in aka yi masa guda ɗaya sai ya yi ta juya ta kamar ƙashi a miya. Na juya wannan har muka iso gida, na juya ta kwana da kwanaki. Kuma gaskiya ta faɗa. Da a hannuna ta tashi, da daddawa take tallatawa, ba wanda zai rusuna ya miƙo mata abu da hannu biyu. Na san haka ba sai an gaya mini ba. Sanin ne bai rage mini komai ba.

Bayan nan na rage aika saƙo. Na ci gaba da goge bango, amma na daina zagi, ba don na so fumfunar ba, sai don kada a ce ina zagin sana'ar mutane a gidansu. Ita kuma aikin ya ƙi mata. Takan dawo a gajiye ta ce wa mijinta an dasa, koren ta karɓa, ta girma lafiya, amma da aka tace aka auna babu komai. A sake. Wani karon ma dashen ne bai kama ba. Ina daga kicin ina ji, har na san in ta ajiye jaka da ƙarfi to babu. Na kama kaina ina sa abin a addu'a bayan sallar La'asar, ni da nake roƙa wa mutane haihuwa da rufin asiri, ga ni ina roƙa wa fumfuna.

Laimar ta janye, zafi ya shigo, jaririyar ta fara zama da matashi a bayanta, bizar kuma ta kusa. Mijin ya zo ya durƙusa ya ce in na amince zai je a ƙara. Na ce, "Kai ka ga ya dace, ko an aiko ka?" Ya sosa ƙeya ya ce ai duk ɗaya ne. Na ce ba ɗaya ba ne, ya bar shi tukuna. Na tabbata ya kai mata. Na jira. Ta wuce ni a falo, ta wuce ni a kicin, ta sayo mini atamfa da turare da wani bargo mai laushi na tsaraba. Wanda ake saya wa tsaraba ai an sallame shi.

Ana saura 'yan kwanaki ta dawo da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Ko takalmi ba ta cire ba ta sure jaririyar daga cinyata ta ɗaga ta sama tana juyi. Ta ce, "Inna, ya fito! Ya fito!" Wai na'urar da suke aunawa da ita ta nuna wani tsini a inda da babu komai. Kaɗan ne, kuma bai cika ba, akwai wani guntu da ya rage sai sun koma jikin baƙar sun nemo. Amma koren, in ji ta, ita da duk danginta ba su taɓa yin irin wannan abu ba. Na baƙar ne sak.

Na ce, "Barka. Allah ya sa albarka."

Ta ce, "Amin, Hajiya." Ta dube ni ido cikin ido, fuskarta a sake, na ga wushiryar mahaifiyata a bakinta. Na ɗauka yanzu za ta faɗa. Sai wayarta ta yi ƙara daga wurin aikin, ta mayar mini da jaririyar ta shige ɗaki tana Turanci.

Ranar tafiya da hantsi muka fita. Mijin ya zauna gaba kusa da direba, yana ta waya a kan wata kwantena. Ita ta shigo baya kusa da ni, jaririyar tana barci a kafaɗarta, ba wanda za a aika. Muka hau titin sama, benaye suna wucewa. Mun yi nisa sai ta yi magana, a hankali, tana kallon bayan kujerar direba.

Ta ce, "Hajiya, ranar da Inna ta tafi da ni, ita ta ɗauke ni, ko ke kika miƙa mata?"

Ba a yi wa uwa irin wannan tambaya. Na so in gaya mata haka. Amma karo na farko ke nan da ta tambaye ni wani abu da ba lafiyar gida ba.

Na ce, "Ni na ɗora mata ke a baya. Ni na ɗaure zanen. Har ta ce na matse ta, ba ta iya numfashi."

"Me ya sa?"

"Hanyar Zariya ba kyau a lokacin. Kuma ke ba kya zama wuri ɗaya."

Muka fara ganin jirage a ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce, "In kin koma, ana iya sake neman wata bizar."

Na ce, "Wa zai nema?"

Ta juya ta dubi taga. Ta ce, "Ni."

Na ce, "Allah ya kai mu."

A bakin inda ake raba masu tafiya da masu rakiya ta durƙusa har ƙasa da jaririyar a hannu, mutane suna ratsa mu da akwatuna. Na dafa kan jaririyar na ce, "Yaya, sai wata rana." Hannuna ya sauka a kan hannun uwarta, na bar shi ya ɗan jima kafin na ɗauke. Na shige ban waiwaya ba, don ba a waiwaye.

Yanzu ina gida. Da matan unguwa suka zo sannu da zuwa suka tambayi likita, na ce tana nan tana haɗa maganin da ba a taɓa gani ba a duniya, daga taɓon teku, kuma ban yi ƙarya ba. Takan bugo waya da kanta, ba ta hannun mijin ba. Mu gaisa, ta ce guntun da ya rage har yanzu suna nema, in ce Allah ya bayyana, sai mu yi shiru kowa yana jin numfashin kowa har jaririyar ta yi kuka. Bizar ba ta nema ba tukuna. Ni kuma ban tambaya ba.